Ƙanshin Kirfa Ya Tsallaka Danga

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba, surukata Inna ta kwanta zazzaɓi, ta tashi bakinta ba ya son komai. Tuwo ta ture shi, kunu ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Muna zaune a Sabon Birni, maigidana yana fatauci da babur ta Burkusuma zuwa Nijar, don haka tukunyarmu ba ta daina hawa murhu ba, ko da yake ta rage nauyi. A unguwarmu kuwa akwai gidajen da ake wuni ba a ga hayaƙinsu ba.

Malamar asibitin da ke duba Inna a garin Isa ce ta ambaci kirfa. Ta ce a riƙa sa mata kaɗan a abinci, tana ɗumama ciki tana tayar da marmari, amma kada a cika, yawanta yana wahalar da hanta, kuma kada a ajiye ƙwayoyinta na ciwon suga saboda ita. Da muka fito, muka biya ta kasuwa. Mai kayan yaji ya ɓalla ɗan sandan kirfa ya miƙo mini in sunsuna, yana lissafa mini cututtukan da take kashewa har da waɗanda ban taɓa ji ba. Na zaɓi sirara masu karyewa da sauƙi. Kusa da teburinsa makiyaya ne tsaye da shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, ba mai tayawa. Na cusa ƙullin cikin mayafina kamar wadda ta ɗauko abin wani.

A makarantar 'yan mata na koyi gashin kek ba tare da tanda ta zamani ba. A zuba yashi a tukunyar ƙarfe ya yi zafi, a jera gwangwanayen madara da ƙullun a ciki, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfi. Na daka kirfar na tankaɗe, na kwaɓa da fulawar da maigida ya kawo da ƙwai, sukari ɗan kaɗan saboda Inna. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙanshi. Kafin ya nuna, tsakar gida ta cika, kuma dangar kara ce kawai tsakaninmu da maƙwabta.

Bayan dangar nan Adda take, Bafillatana ce da ta girme ni, ga ta da tsohon ciki. Mijinta ya kora ragowar shanunsu kudu neman ciyawa. Tun zuwana unguwar kwano yake yawo tsakaninmu: in miƙa mata dambu ko ɗanwake, ya dawo da nono ko curin man shanu. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan.

Sai na ji muryarta. "'Yar boko, mi kika ƙonawa haka? Turare aka ci yanzu gidanku?"

"Maganin Inna na, Adda."

"To Allah shi ba mu irin ciwon Inna."

Muka yi dariya. Tun muna islamiyya aka koya mana kada ƙanshin tukunyarka ya cuci maƙwabci sai ka ɗiba masa, balle mai ciki. Na ɗauko kwanon nan namu mai murfi, na sa kek biyu, na miƙa ta saman danga. Na ce kada ta cinye lokaci guda, kirfa da yawa ba ta dace da mai ciki ba. Na koma ɗaki ina jin na sauke nauyi. Inna ma ta ci rabi, ta nemi ruwa, abin da muka daɗe ba mu gani ba.

Da la'asar kwanon ya dawo da nauyinsa. Na buɗe na ga gero, ƙwayoyi manya, duk sun yi furu-furu da toka. Na kai wa Inna ina cewa geron Adda bai sha sheƙa ba. Ta sa yatsu ta murza.

"Ɗiyata, wanga ba na ci ba na. Iri na. Da toka aka aje shi don ƙwari."

Na zauna a bakin gadonta. Na san shanun Adda sun tafi. Na san ba ta da nonon da za ta zuba. Amma da na ɗauko kwanon, ladana kawai na tuna.

"Ga takarda ya kamata ki naɗe mata," in ji Inna. "Takarda ba ta komawa gida. Kwano ko, sai an cika mishi ciki."

Washegari na leƙa danga da geron, na ce ya yi yawa. Adda ta ci gaba da shara. "Kyauta ta taɓa yin ƙahwa ta komo? Ko geron Fulani bai kai na Gobirawa ba?" Na dawo da shi, na juye a gwangwani na rufe.

Da na sake gashi, na bi maganar Inna, na naɗe a takarda. Adda ta karɓa, ta juya ƙullin a hannunta. "Kwanoninki sun ƙare, 'yar boko?" Ta yi godiya yadda ya kamata, ta shige ɗaki. Ta gane abin da takardar take nufi.

Ta haihu kafin damina, ɗiya mace. Inna ce ta ba ni dabara: gero kayan barka ne, mai jego ba ta ƙin sa, kuma ba a mayar da komai ranar. Na zuba namu a ƙasan kwanon, na juye nata a sama da tokarsa, na kai mata da kaina. Tana zaune da jaririyar a cinya ta buɗe murfin. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wanga gero ya san hanyar gida," ta ce, ta tura kwanon ƙarƙashin gado.

Da ruwan farko ya sauka na hango ta da ƙanen mijinta sun nufi gona, ƙwarya a kanta. Irin ya shiga ƙasa, na gode wa Allah.

Amma ba ta ƙara kirana ta danga in ina girki ba. Inna ta saba da kek ɗin, ba ta cin wani abu da daɗi in ba shi ba, don haka ban daina gashi ba. Na rage kirfar, na koma gasawa a bayan ɗaki, duk da haka ƙanshin yana fita. Duk ranar da ya tashi, sai in ji motsin Adda tana naɗe tabarma, ta ɗauki ɗiyarta ta koma can ƙarshen gidanta, wajen turken da babu shanu, don kada in san ta ji. Ni kuma ina tsugune gaban tukunya ina juya garwashi, ina jin tafiyarta.