Sau huɗu, bai taɓa leƙa bakina ba

Salama gare ku 'yan uwa. Wata uku ba ku ji ɗuriyata ba. Haƙori ne ya kusa kashe ni.

Na ƙasa ne, gefen hagu. Da farko tsami yake yi in na sha ruwan randa, daga baya ko tuwon shinkafa ba na iya taunawa.

Na je wurin wani likitan haƙori mai ɗan asibitinsa a hanyar iyakar Benin. Sau huɗu na je, bai taɓa cewa in buɗe baki ba. Yana latsa waya yake miƙo takarda: kafso, sau uku a rana. Zafin ya lafa mako guda, ya dawo.

Ya ɗauka tsohon manomi ba ya karatu. Bai san da furfurata na shiga ajin yamma na koyi karatu ba. Na jera takarduna da ta maƙwabcina mai ciwon dasashi, na ga kwafin takarda ɗaya ne, suna kawai ake sakewa. Na faɗa masa, ya yi dariya, wai in shanye maganina.

Sai kumburi ya sauko wuya. Miyau ya ƙi haɗiyuwa, numfashi ya fara yi mini wuya. Na ji tsoro ƙwarai.

Ɗiyata Hauwa'u, da tsohon cikinta, ita ta kai ni babban asibiti a Birnin Kebbi. Wata likita ta duba takardun ta ce, "Baba, wanga haƙori cirewa yaka so tun farko."

An gwada mugunyar da ke cikin kumburin, aka ce ƙwayoyin cutar sun saba da kafson, ba sa jin sa. An tsaga ƙarƙashin haɓata, an sa tiyo, an cire haƙorin. Kwana goma sha ɗaya ina kwance. Ragon da nake kiwo don suna in Hauwa'u ta haihu, shi aka sayar aka biya asibiti.

Ban yafe wa likitan haƙorin nan ba. Da hannuna na rubuta ƙara zuwa hukumar lafiya. Kuma kowace ranar kasuwa ina zama daura da ƙofarsa, wanda duk ya nufo dafe da kunci in ɗaga haɓa in nuna masa tabon. Jiya mutum uku suka juya. Yana kallona ta taga.

Alhamdu lillahi, Hauwa'u ta sauka lafiya. Namiji ne, ni na yi masa huɗuba da bakin nan nawa. Na gode wa likitar da masu jinya da duk wanda ya yi mini addu'a.

In likita bai duba bakinka ba, kada ka karɓi takardarsa. In kumburi ya taɓa wuya, ka nufi babban asibiti a ranar.