Taɓaryar da Na Miƙa wa Maƙwabciyarmu

Har yau in na ji ƙarar daka, gabana sai ya faɗi. Ba sakwara nake tunowa ba, piyano nake tunowa.

A Levenshulme na tashi, wata unguwa a Turai, a irin gidajen nan da bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci, in ya yi tari sai ka ce masa sannu. A bayan bangonmu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Suwidin, makaɗiyar piyano. Tun tana budurwa take zagaya manyan zaurukan kiɗa na Turai, mutane na sayen tikiti don su zauna shiru su saurare ta. Umma ta hana mu kiran sunanta, sai dai Kaka. Da hantsi ita tana kiɗa, Umma na daka a turmin da ta taho da shi daga Kano, kowa na ganin ɗan'uwansa ne mai damun unguwa.

Ina 'yar shekara tara ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Muka je dubiya da kwanon farfesu. Abba likita ne, ya kama hannun ya jujjuya, ya san ya tafi ke nan. Amma mu a al'adarmu ba ma faɗa wa majinyaci haka a gadonsa. Ya ce, "Da sauƙi, Kaka. Zai warke, in sha Allah."

Shi gaisuwa ya yi. Ita kuwa maganar likita ta ji.

Ta amsa gayyatar wani zauren kiɗa a Birmingham. Wata shida muna jin ta tana faɗa da hannun nan, ta buga, ya ƙi, ta ɗaga shi da na dama ta maka shi a kan katako. Abba yana ji ta bango, sai ya ƙara muryar rediyo. Wannan abu har gobe ina jin haushinsa. Ranar wasan hannun ya sandare mata a gaban jama'a, aka riƙo ta aka sauko da ita.

Washegari da rana ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta ce a ara mata taɓarya. Ni na ɗauko na miƙa mata, har da rusunawa.

Bugun farko ya zubo da hotunan bangonmu. Muka ruga. Da hannu ɗaya take sauke taɓaryar a kan piyanon, fararen maɓallan na tarwatsewa kamar tsabar masara. Wayoyin ciki suna tsinkewa suna kuka, ɗaya ta tsage mata kunci, jini ya wanke wuyan rigarta, ba ta ko tsaya ba. Da Abba ya riƙe ta, ta kai masa duka a kafaɗa, ya durƙushe.

"Kai likita ne," ta ce tana haki. "Ka ce zai warke."

"Addu'a na yi miki, Kaka."

"Ban tambaye ka addu'a ba."

Ba mu sake jin kiɗa ta bangon nan ba. Umma ma ba ta je karɓo taɓaryarta ba.

Yanzu ni ce likita, a unguwar Small Heath ta Birmingham. Gwaggonnina suna cewa na zama Baturiya, ba ni da tausayi, don ina faɗa wa majinyaci abin da na gani. Ina yi musu addu'a, amma sai bayan na faɗi gaskiya. Shekarar da ciwo ya kwantar da Abba, ya miƙo mini takardar gwajinsa, ya ce, "Da sauƙi ko?" Na zauna a bakin gadonsa na riƙe hannunsa, na ce, "A'a, Abba."