Saƙon Kawu a Gaban Alƙali

Kawuna, yayan Innarmu, bai taɓa aiko saƙon murya ƙasa da minti goma ba. Wallahi sai ka dafa shayi ka shanye bai iso kan magana ba. Zai gai da Inna, ya tambayi ƙafarta, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har akuyar gidan sai ya ji lafiyarta. Duk sanda wayar Inna ta cika ni ake kira, ni kuwa hannuna har ƙaiƙayi yake in goge saƙonnin. Ta ce in na taɓa ko ɗaya, ni da ita ne.

A cikin irin wannan saƙo ne, yana kan tafiyar fatauci, ya ce ya ba ta ɗakin da take zaune a gidansa na Dala, halak malak. Ba a rubuta komai ba. Wa zai nemi takarda wurin ɗan'uwansa?

Da Allah ya yi masa rasuwa, babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya ce ɗakin yana cikin gado, gidan duka za a sayar. Inna da tsufanta ta koma ina? Na yi tsalle na dire, na ce sai kotu.

A gaban alƙali Yaya ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yanzu na'ura tana kwaikwayon muryar kowa. Ni ban yarda ba."

Alƙali ya ce maganarsa abar dubawa ce. Ya ce in kunna saƙon. Na kai yatsa zan tsallaka zuwa wurin kyautar, ya daka mini tsawa, ya ce ba a gutsure shaida, daga farko za a ji.

Sai ga muryar Kawu, da ɗan tarin nan nasa. Ƙafar Inna, mu, maƙwabta. Da aka zo kan akuya, har ɗan sandan kotu sai da ya dara. Ni dai kunya kamar in nutse. Can sai Kawu ya ce, "Ina babban nawa? Na ga ya rame. Ki riƙa ajiye masa ɗumame, kin san tun yana yaro tuwonki kaɗai yake ci."

Yaya ya rufe fuska da hula. Da ya ɗago, hawaye da dariya tare suke zuwa.

"A kashe, Malam. Baba ne. Wace na'ura ce za ta tambayi akuya? Gwaggo, ki yafe mini."

Ko wurin kyautar ba a kai ba. Na rangaɗa guɗa a cikin kotu, aka kore ni waje, ko a jikina!

Washegari da safe Yaya ya zo ɗakin Inna ya cinye ɗumame tas. Sannan ya miƙo mini wayarsa, ya ce in tura masa saƙon, kada in rage ko gaisuwa ɗaya.