Shekara Bakwai Ina Magana a Madadin Matata

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in faɗi wani kuskure nawa, ko wani ya amfana.

Ni dattijo ne yanzu, ban daɗe da ajiye aiki ba, amma lokacin da abin ya fara ina kan ganiyata. Injiniyan ruwa ne ni, haifaffen Damagaram. Aiki ya kai ni Abijan, ya kai ni Jidda, na ɗan zauna Jamus, kafin wani babban kamfani ya ɗauke ni a Faransa. Ina jin Faransanci da Larabci da Turanci, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan haka. Ofishina yana Paris, iyali kuwa na zaunar da su a Lyon inda 'ya'yanmu biyu ke karatu. Litinin in hau jirgin ƙasa, Juma'a da yamma in dawo. Albashina ya fi abin da na taɓa mafarki. Ni da mai ɗakina muna da katin zama na 'yan shekaru wanda ke rataye da aikina, burinmu kuma shi ne katin shekara goma, wanda ake sabuntawa ba tare da wahala ba, wanda idan mutum ya samu ya zauna ke nan.

A duk inda na zauna na ga yadda ake samun gindin zama. A Abijan sanayya ce. A Jidda mai ɗaukar nauyinka ne ke riƙe da kai, ranar da ya sake ka sai ka ɗaure kaya. Na ɗauka a Faransa kuɗi ne: wanda ke biyan haraji mai nauyi, yana da gida, bai taɓa neman taimakon gwamnati ba, wa zai ce masa a'a? Da wannan tunanin na zauna, ban taɓa karanta sharuɗɗan da kaina ba, ni da nake karanta kwangila mai shafi ɗari ba na tsallake layi.

Mai ɗakina 'yar Maraɗi ce. Ba ta yi lekol ba, wato boko, amma ta sauke Alƙur'ani, kuma kanta na ja. A Jidda, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci ba ni da lokacin kowa, ita ke zuwa kasuwa, cikin shekara biyu ta iya Larabcin da har masu kifi ke tsoron cinikinta. A Lyon kuwa na riga na zama babba, sai na ga bai dace matar babba ta yi ta kame-kame a gaban mutane ba. Cefane ana kawowa har ƙofa. Likita, banki, taron iyaye a makaranta, duk na mayar da su Asabar ko ranar da nake gari. Idan abu ya taso ina Paris, sai ta kira ni ta miƙa wa mutumin waya, in fita daga taro in yi magana a baranda, in dawo ina jin na cika miji.

Akwai wata Hajiya 'yar Tawa da ke zaune a dogayen benayen Vénissieux a gefen Lyon, tana sharar wani ɗakin ajiyar kaya tun da asuba. A masallaci suka saba da mai ɗakina. Sau uku tana zuwa gidanmu tana cewa a bar ƙanwarta, wato mai ɗakina, ta bi ta ajin Faransanci na manya da ake yi a unguwarsu, kyauta ne, sau biyu a mako. Na ce ina godiya, idan ana buƙatar malami zan ɗauko mata har gida. Ta yi dariya ta ce Alhaji ai malamin ma kai za ka riƙa amsa masa. Na yi dariya ni ma, amma a zuciyata na ce matata ba za ta zauna benci ɗaya da matan leburori tana haɗa baƙi kamar 'yar shekara shida ba. Malamin kuwa ban taɓa ɗauko shi ba. Kullum sai in ce bayan wannan tafiyar.

Da lokaci ya yi na haɗa takardunmu. Na jera takardun albashi, na haraji, na gida, har na saya musu jaka ta fata. Ranar da aka ba mu muka je ofishin baƙi, na sa kwat. Ma'aikaciyar da muka samu mace ce mai natsuwa. Ta duba nawa, ta ga digirina ya isa shaidar ina jin Faransanci, ta ajiye gefe. Ta buɗe na mai ɗakina ta tambayi takardar shaidar jin Faransanci. Na tura mata takardun albashi. Ta mayar mini da su cikin ladabi, ta ce ta gani, suna da kyau, amma ba su take nema ba. Sai ta juya ga mai ɗakina ta tambaye ta a hankali tun yaushe take zaune a Lyon. Kafin ta rufe baki na ba da amsa. Ta dube ni ta ce ba da ni take ba, da madam take. Ta sake tambaya. Mai ɗakina ta dubi matar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Ni na samu katin shekara goma. Ita aka bar ta a kan na ɗan lokaci, har sai ta kawo shaidar ta ci jarrabawar harshe. Babu wanda ya zalunce mu. Sharaɗin a rubuce yake, kuma Hajiyar nan mai shara, wadda albashinta na wata bai kai abin da nake kashewa a jirgin ƙasa ba, ta riga mu samun nata da shekara biyu.

A mota ina ta faɗa, ina cewa zan ɗauki lauya, zan rubuta wa wane da wane. Muka tsaya a ƙofar gida. Sannan mai ɗakina ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, ita ba katin ne ya fi damun ta ba. Ta ce Alhaji, idan Allah Ya karɓi ranka ranar Laraba a Paris, wa zan miƙa wa waya? Sai lokacin na ga abin da na yi: 'ya'yanta a nan za su zauna, a nan za su yi aure, ita kuwa zamanta kusa da su na rataye da numfashina da wata takarda da ake sabuntawa.

Mako na gaba ta kira Hajiya da kanta. Ta shiga ajin tana da shekara hamsin da 'yan kai, lokacin da ido ya fara rauni, kai kuma ya cika da hidima. Abin da za ta koya cikin sauƙi da na bar ta tun farko, yanzu da gumi take ɗaukar sa. Jarrabawar farko ta ci magana da sauraro, ta faɗi a rubutu. Ta yi kuka, ta wanke fuska, ta koma aji. Idan tana bitar darasi a falo na gyara mata wata kalma, sai ta ce in bar ta da kuskurenta, nata ne.

Ga abin da nake so 'yan'uwana masu manyan ayyuka a Paris da Lyon da sauran wurare su ji. Kuɗi na buɗe ƙofar shigowa, amma zama na dindindin ana duba kowane mutum ne shi kaɗai, albashin miji ba ya amsa tambaya a madadin mata. Ku karanta sharuɗɗan tun shekarar farko, domin suna sauyawa, kuma ba sauƙi suke ƙarawa ba. Kada ku raina ajin unguwa, kada ku raina mai ba ku shawara don aikinta shara ne. Ni na ɗauka hutar da matata nake yi, ashe girmana nake karewa.

Har yau ba ta da katin. Jarrabawa ta biyu na tafe bayan Salla. Na ce zan kai ta a mota, ta ce a'a, ita da Hajiya za su je a taram, jirgin ƙasan cikin gari, ni in zauna gida in jira ta dawo ta ba ni labari. Zan zauna. Ku taya ta da addu'a.