Abin da Kitse Ya Yi wa Yatsuna

Ni mai ƙiba ce, kuma na daɗe ina taƙama da ita. Duk ranar da na je Miga gaida Innarmu, sai ta shafa damtsena ta ce, "Masha Allah, Dutse ta karɓe ki." Ɗinkin hula nake yi tun ina budurwa. Da gwiwoyina suka fara ciwo ban damu ba, ai a zaune nake aiki. Amma da yatsuna suka kumbura har allura ta fara kuɓuce mini, hankalina ya tashi, don ban iya wata sana'a ba.

Na je asibiti da faɗana a baki. Likitar, wata 'yar Filato mai sanyin murya, ta ce in rage jiki. Na ce, "Haba likita! Gwiwa dai na yarda, ita ke ɗauke da ni. Yatsa fa, me ya ɗauka?"

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, kitsen nan ba a kwance kawai yake ba. Aike yake yi."

Ta ce kitse, musamman na ciki, yana sakin wasu sinadarai cikin jini, su zaga ko'ina. Wasu su gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, wasu su kwantar da kumburi, wasu su zuga shi. In kitsen ya yi yawa sai masu zugar su rinjaya, jiki ya yi ta shirin faɗa ba tare da abokin gaba ba, har abin ya kai gaɓoɓin yatsu.

Abin da nake yankewa daga nama in soye, ashe irinsa a cikina yana magana da ɗan yatsana, shekara da shekaru, ni kuwa ban taɓa ji ba. A cikin adaidaita na dafa cikina ina ta subhanallahi, har matar da ke gefena ta tambaye ni ko juna biyu ne.

Na sha magani, na rage tuwo da mai, na riƙa takawa zuwa gindin duwatsu da sassafe ina haki ina mita. A hankali kumburin ya sassauta. Manuniyata dai ta ƙi miƙewa, sai na koyi tura allura da na tsakiya.

Da na koma Miga da hular da na gama, Inna ba ta ko kalle ta ba. Wuyana da ya rame ta kalla, idonta ya kawo ruwa.

"'Yar nan, faɗa mini gaskiya. Me mijinki yake miki a gidan?"

Na yi bayani iya yina, ba ta ji ko ɗaya ba. Ta tashi da kyar, ta kwararo man shanu a kan tuwona, ta zauna tana jira. Na dubi yatsuna, na dube ta, na sa hannu na ci.