Hoton da ke Aljihun Issufu

Shekara ashirin da biyu Issufu Arziki ya yi yana cika wa direbobin manyan motoci takardu a bakin ofishin duwan, wato kwastan, na Malanville, dab da gadar da ake haurawa Gaya. An san shi da hali ɗaya: ba ya sa hannu a takardar da bai karanta har ƙasa ba. Da hawan jinin ido ya fara cin ganinsa, sai ya riƙa matso da takarda kusa da hanci. Ran da ya kasa bambance bakwai da ɗaya, ya tattara bironsa ya koma gida. Shekara guda bayan haka sanƙarau ya ɗauke 'yarsa Samiha, tana da shekara sha huɗu.

Tun daga lokacin hotonta bai bar aljihun ƙirjinsa ba. Ƙaramin hoto ne na jarrabawa, wanda ya gani da idonsa kafin duhu ya rufe: kakin lekol irin na 'yan makaranta, kai ba ɗankwali, baki a tsuke don mai hoto ya hana ta dariya. Bayan kowace sallar la'asar yakan ciro shi ya shafa, ya mayar.

Ƙanensa Abdulgani, direban da ke jigilar albasa zuwa kudu, shi ya kawo masa wayar. Ya ce in aka nuna mata abu, za ta faɗi ko mene ne da Faransanci.

“Wa ke cikinta?” in ji Issufu.

“Ba kowa, Yaya.”

“To wa take gaya wa abin da ta gani cikin gidana?”

Abdulgani ya yi dariya, ya ce Yaya bai bar aikin duwan ba har yau.

Sati biyu Issufu yana gwada ta kamar baƙon direba mai takardun da ba su yi masa ba. Ya nuna mata buta, ta ce buta. Ya nuna mata albasa, ta faɗi har launinta. Ya juya tsohon katin aikinsa kai ƙasa, ta karanta sunansa duk da haka. Sau ɗaya ta kira akuyar maƙwabta kare, wannan kuwa ya yi masa daɗi ƙwarai.

Ran wata Talata da la'asar, matarsa Zeinabu na tsintar shinkafa a tsakar gida, ya ciro hoton ya ɗora wa wayar.

“Yarinya ce sanye da hijabi shuɗi,” in ji muryar, “tana murmushi.”

Sautin shinkafa a faranti ya tsaya. Issufu ya ji tsayawar, ya ajiye ta a ransa. Ya goge idon wayar da bakin riga, ya juya wajen rana, ya sake. Hijabi shuɗi. Murmushi. Ya tuna akuyar, ya so ƙwarai a ce kuskuren irin wancan ne. Amma wayar da ta karanta kati kai ƙasa ba za ta mai da kaki shuɗi sau uku ba.

Kwana uku yana lissafin hannuwan da suka taɓa rigarsa. Ya soma shinshina maganin idon da Zeinabu ke miƙo masa, ya kuma ji kunyar kansa. A ƙarshe lissafin ya tsaya kan daminar bariya, shekara biyu baya, lokacin da kogi ya shigo unguwa aka fito da shi ruwa har ƙirji, Zeinabu ta karɓi tufafinsa ta shanya.

“Zeinabu,” ya ce da safe, “hoton wa nike shafawa shekara biyu?”

“Malam, kai da kanka ka ce abin ga ƙarya yake yi.”

“Na tambaye ki.”

“Na Laila ne, ɗiyar yayata ta Guéné. Girmansu ɗaya.”

“Nawa fa?”

“Ruwa ya cinye shi. Na ce ka rasa ta sau ɗaya, ya isa.”

“Kin yar?”

Ya ji tashinta, ya ji ƙarar murfin gwangwanin da take ajiye allura. Abin da ta sa masa a tafi ya kumbura, gefensa ya nannaɗe. Ya ɗora masa wayar.

“Takarda mai tabon ruwa. A ƙasa akwai abin da ya yi kama da wuyan riga, launin kaki. Ban ga fuska ba.”

Issufu ya shafa wurin da fuskar ya kamata ta kasance. Ya miƙa wa Zeinabu hoton Laila, ya ce a mai da wa uwarta. Na Samiha ya sa a aljihu, ya danne bakin aljihun da yatsa.

Zeinabu ba ta motsa daga gabansa ba. Yana jin numfashinta, bai san abin da ke fuskarta ba. Ya ɗaga wayar saitinta, babban yatsansa a kan maɓalli. Can ya sauke ta, ya kife a tabarma.

“Zauna,” ya ce. “Gaya mini abin da kuma ban sani ba cikin gidan ga.”