Na Ga Laka a Bel, Na Yi Shiru

Shekarun baya ni makanike ne a Zongo, a Kwatano, kuma ana ji da ni. Duk falken shanun da zai sayi motar hannu daga cikin waɗanda ake saukewa a jirgin ruwa, ni yake ɗauka zuwa filin motoci in duba masa. Ban taɓa yarda da tambarin kamfani ba. Ina sauraron inji, in shinshina ƙarƙashin kafet, in ja bel ɗin kujera har ƙarshe, don motar da ambaliya ta shanye a Turai a nan take ɓoye lakarta.

Wani Alhaji mai shanu ne ya rusa ni. Na zaɓa masa mota lafiyayya, ya yi ta labta mata buhunan dusa har ta zauna a hanyar Parakou. Maimakon ya zo gareji mu yi magana, sai ya tsaya a ƙofar masallaci bayan La'asar, ya ce ni macuci ne, wai da dillalai nake haɗa baki. Ya ƙara da cewa makanike ɓata lokaci ne, in dai mota ta wannan kamfanin Japan ce da kowa ke yabo, ko ido rufe a saye ta. Mutane suka janye mini. Watanni ina zaune ina korar ƙuda, ina tauna maganarsa, kuma wallahi addu'ar da nake masa ba ta alheri ba ce.

Bayan shekara sai ga shi da mota mai wannan tambarin, tana sheƙi. Bai ba ni haƙuri ba. Ya ce dai in leƙa ta kafin ya gama ciniki, zai sa ta jigilar fasinja zuwa Malanville. Na ja bel, na ga layin busasshiyar laka. Na san ruwa ya ci wayoyinta. Na saki bel ɗin ya koma, na ce masa ai shi ya faɗa, wannan kamfani ba ya ba da kunya. Daɗin da na ji a ranar har yanzu ina tuna shi.

Wata biyu ba ta yi ba ta kama wuta kusa da Bohicon. Fasinjoji sun tsira. Direban, wani bawan Allah mai 'ya'ya huɗu da bai taɓa yi mini komai ba, shi ya tsaya yana ɓalle ƙofar baya da ta maƙale, hannayensa biyu suka ƙone. Alhaji kuwa ya yi zaman jimami na kwana uku, ya sayi wata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban yafe masa ba, kuma ko yau na gan shi sai in kau da kai. Abin da na koya shi ne ramuwa ba ta tsayawa kan wanda aka nufa. Mai sayen mota, kada sunan kamfani ya ruɗe ka, kada kuma ka ɗauki wanda ka wulaƙanta ya duba maka. Masu sana'a irina, in kun ga aibi ku faɗa, ko motar maƙiyinku ce. Direban nan yanzu goro yake sayarwa kusa da garejina. Kullum sai ya miƙo mini tsintsiyar hannu mu gaisa, don yatsun ba sa buɗewa, yana kirana Malam mai gaskiya.